Wane Hoto Likita Ya Rubuta?

Daga filinmu na kiwon lafiya. Baƙon namu ma'aikacin ɗakin hoto ne, ya yi shekaru yana aiki a Sokode da Dapaong. Ga jawabinsa kamar yadda ya fita a iska, sai ɗan gyaran da ba a rasa ba.

  

Bari in fara da kakata, Allah ya jiƙanta. Ranar da na gama karatu na samu aiki, na je na durƙusa na ce mata, "Kaka, an ɗauke ni a radiyo." Ta yi guɗa, ta shi mini albarka. Bayan wata biyu sai ta aiko a kira ni, ta ce kullum tana kunna akwatinta safe da yamma, ba ta taɓa jin muryata ba, ko dai ƙarya na yi mata? Na yi ta bayani cewa radiyon asibiti daban, na labarai daban. Ba ta gamsu ba. To ga shi yau Allah ya kawo ni gidan rediyon nata, sai dai ba ta nan.

Abin dariya ne, amma shi ne maganar da na zo da ita. A nan Togo idan likita ya ce ka je ka yi "radiyo", hoton ƙashi ko na ƙirji yake nufi, wanda mutanen Gana da Najeriya ke kira eksire. Mu kuma da Hausa komai hoto ne. An yi mini hoto, an ce in yi hoto, hoton bai fita ba. Na'urori huɗu ne daban-daban, aikinsu daban, kuɗinsu daban, garin da ake samunsu ma daban, amma duk mun haɗa su a kalma ɗaya. Sannan ga mu mutanen kan iyaka. Daga Dapaong zuwa Sinkase bai kai kilomita 40 ba, daga can kuma ƙafa ɗaya Burkina, ƙafa ɗaya Gana. Mutumin Sokode yana da 'yan'uwa a Jugu tun zamanin fataken goro. Yau an duba ka da Faransanci, jibi an duba ka da Ingilishi, kai kuma kana ba da labari a gida da Hausa ko Kotokoli ko Moba. A tsakanin nan ne kalma ke juyewa, kuma in ta juye kuɗi ne ke tafiya, wani lokaci har rai.

Ga abin da na gani da idona a shekarun baya, ina Dapaong. Wata baiwar Allah mai ciki wata biyar, an aurar da ita a ɓangaren Gana wajen Bawku, ta zo ganin gida. A can wurin awo an ce mata ta yi "sikan". Ta faɗa wa yayanta, shi kuma ya yi makarantar Faransanci, da jin haka sai ya ce ai "sikana" ce, babban hoto ne, ba a yin sa sai ciwo ya yi tsanani. Hankalin gida ya tashi. A lokacin na'urar sikana ba kusa take ba, sai an yi doguwar tafiya kudu, kuma kun san Dapaong zuwa Lome ya haura kilomita 600. Aka sayar da rago, aka haɗa kuɗin mota. Da daddare mahaifiyarta ta zo gidanmu yi wa matata sallama, ni kuma na ce, "Mma, don Allah a kawo mini takardar in gani." Aka kawo. Hoton ciki ne na masu juna biyu, wanda mu a nan muke ce wa "eko". Ana yin sa a cikin gari, minti ashirin an gama. Washegari aka yi, yaro lafiya lau. Rago dai ya riga ya tafi.

To ku riƙe wannan, ko da shi kaɗai za ku riƙe a zancen hoto. Idan Bagane ko ɗan Najeriya ya ce "sikan", galibi eko yake nufi. Idan likitan Togo ko Binin ko Burkina ya ce "sikana", wata babbar na'ura yake nufi, wadda a takardar Ingilishi ake rubuta ta CT, a ta Faransanci kuma TDM. Wasali ɗaya ne ya raba su a baki, amma a aljihu sikana ta ninka eko sau da yawa.

Yanzu bari mu bi su mu ga kowace me take yi.

Radiyo ita ce babbar yaya. Wani Bajamushe malamin kimiyya, Wilhelm Röntgen, shi ya gano hasken a garin Würzburg ranar 8 ga Nuwamba 1895. Lokacin Togo tana hannun Jamusawa, amma ko barikinsu na Sokode ba su kafa ba tukuna. Da yake bai san wane irin haske ba ne, sai ya sa masa suna X, harafin da masu lissafi ke ba abin da ba a sani ba. Hoton da ya yi suna shi ne na hannun matarsa, ga ƙasusuwa ga zobe. Hasken yana ratsa nama cikin sauƙi, ƙashi kuma yana tare shi, shi ya sa ƙashi ke fitowa fari, huhu mai cike da iska ya fito baƙi. Karaya, targaɗe mai shakku, tari da ya daɗe, nan ne gidanta. Kuma shi ya sa muke ce muku ku cire sarƙa da jigida da laya. Ba raini ba ne. Duk abin da ke da ƙarfe ko dutse zai fito fari fat ya rufe wurin da likita ke son gani. Na taɓa ɗaukar hoton ƙirjin wani dattijo sau biyu saboda 'yan kuɗin ƙarfe da ya manta a aljihun 'yar shara.

Mutane na tambaya, shin hasken nan ba ya cutarwa? Hoton ƙirji ɗaya kamar hasken da jikinka ke sha ne daga ƙasa da sararin sama cikin kwana goma, kana zaune a gidanka. Kaɗan ne. Amma ba abin yi don sha'awa ba ne, kuma mace mai ciki, ko wadda al'adarta ta yi jinkiri tana shakka, ta faɗa mana kafin ta tsaya gaban na'ura. Na san kunya, musamman ƙaramin ciki da ba a son a ji. Ki raɗa wa ma'aikaciya a kunne, ya isa.

Eko kuwa ba haske a cikinta ko kaɗan. Sauti ne. Sunan ma daga amsa-kuwwa ya fito, irin wadda kake ji in ka yi kira a bakin rijiya. Kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin da ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, ita kuma wannan na'ura tana aika na miliyoyi. Sautin ya shiga jiki, ya bugi hanta ko ƙoda ko kan jariri, ya dawo, kwamfuta ta lissafa nisan ta zana hoto. Dabarar jemage ce, yadda yake yawo cikin duhu ba ya karo da bango. Wani likitan mata a Glasgow, Ian Donald, shi da abokan aikinsa suka fito da aikin fili a 1958, kuma sun fara gwaji ne da na'urar da masana'antu ke neman tsagewa a cikin ƙarfe da ita. Abin nan mai sanyi da muke shafa muku a ciki ba magani ba ne. Sautin ba ya son iska, shi ne muke cike tsakanin fata da kan na'urar.

Saboda haka maganar da ake yi a zaure cewa eko tana busar da jariri ko tana ƙona shi, ba ta da tushe. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2016, ta ce kowace mai ciki ta samu eko aƙalla ɗaya kafin ciki ya kai mako 24. A nan ake sanin kwanakin ciki daidai, a san ɗaya ne ko tagwaye, a san yana cikin mahaifa ko ya zauna a waje. Ni abin da ke ba ni takaici, mace za ta kwanta, ina duba inda mabiyiya ta zauna, ko ta tare hanyar fita, abin da zai iya jawo zubar jini ranar haihuwa, amma tambayar da maigida ke jira a bakin ƙofa ita ce, namiji ne ko mace? Ba laifi ba ne tambayar. Sai dai ita ce ta ƙarshe a muhimmanci.

Takardar sakamakon eko tana da wasu haruffa da ya kamata iyayenmu mata su gane, ko 'ya'yansu masu karanta musu. A ta Faransanci za ku ga DDR, ita ce ranar da jinin al'ada na ƙarshe ya fara, a ta Gana LMP. Za ku ga lamba da SA a gabanta, misali 22 SA, wato mako 22 ana ƙirgawa daga waccan ranar. Ba wata ba ne, mako ne. Sai DPA, a Gana EDD, ranar da ake sa ran haihuwa. Kintace ne, jarirai kaɗan ne ke zuwa a ranar daidai, don haka kada a ce na'ura ta yi ƙarya in an samu bambancin mako guda. Idan kun ga kalmar céphalique, kai yana ƙasa, haka ake so. Idan kun ga siège, yaro a zaune yake, in ciki ya tsufa a haka to a shirya haihuwa a asibiti, ba a ɗaki ba. Akwai kuma RAS. Wani ya taɓa biyo ni har bakin babur yana tambaya wace cuta ce RAS, an rubuta wa matarsa a gaban hanta da saifa da ƙoda, duk ta kama su. Ma'anarta ba a ga komai ba. Lafiya ce aka rubuta masa yake kuka.

In an ce ka sha ruwa ka riƙe fitsari kafin eko ta mara, dalili shi ne cikakkiyar mafitsara taga ce da ake leƙa mahaifa ta cikinta. In an ce ka zo ba ka ci komai ba, matsarmama ake son gani, ita kuma da ka ci abinci sai ta matse. Mutum ya taso daga ƙauye wajen Chamba, ya sha koko da ƙosai a tasha, sai a ce ya dawo gobe. Ku tambaya tun ranar da aka ba ku takarda.

Sikana, ita ma hasken Röntgen ne, amma maimakon hoto ɗaya daga gaba, fitilar tana zagaya jiki tana ɗauka ta kowane ɓangare, kwamfuta ta fitar da jikin yanka-yanka. Kamar mai koliko ce da doyarta: in ta riƙe doya ɗungurungum ba ta san inda ta ruɓe ba, in ta yanka ta ƙwaya-ƙwaya sai ta ga wurin. Wani injiniyan Ingila, Godfrey Hounsfield, shi ya ƙera ta, aka fara gwada ta a kan mara lafiya a Landan a 1971. Wanda ya faɗi da babur ya bugu a kai, wanda ɓarin jikinsa ya shanye farat ɗaya ana son sanin jini ne ya zuba a ƙwaƙwalwa ko jijiya ce ta toshe, wannan aikin sikana ne, radiyo ba za ta nuna ba. Haskenta ya fi na radiyo nesa ba kusa ba, sikana ɗaya ta ciki tana iya kai hoton ƙirji gommai. Idan takarda ta ce avec injection, za a yi maka allurar wani ruwa da ke haska jijiyoyi, shi ya sa ake fara neman gwajin ƙoda, a kuma tambaye ka ko wani magani ya taɓa yi maka borin jini. Ba ƙarin kuɗi ake nema ba, ƙoda ce za ta fitar da ruwan.

Ta huɗu ita ce IRM, a Ingilishi a juya haruffan a ce MRI. Babu hasken X a cikinta, maganaɗisu ne, mai ƙarfin da ya ninka na ƙasa sau dubbai, kuma ba a kashe shi ko da dare. Ta fi kowa ganin ƙwaƙwalwa da laka da gaɓoɓi. Tana da ƙara kamar injin niƙa, kuma za ka kwanta a cikin rami rabin awa ko fiye ba motsi. A nan zancen ƙarfe ba na kyawun hoto ba ne, na tsira ne. Makulli, allurar ɗaure mayafi, wuƙar aljihu, na'urar za ta fizge su. Wanda aka sa wa batirin zuciya, ko yake da ɓarɓashin harsashi a jiki, ko mai walda da ƙarfe ya taɓa faɗa wa ido, dole ya faɗa tun kafin ya shiga ɗakin.

Ni da za a bi tawa, da mun raba musu suna da Hausa mun huta: hoton ƙashi, hoton sauti, hoton yanka-yanka, hoton maganaɗisu. A wurin aiki haka nake faɗa wa mutane, kuma na lura tsofaffi sun fi riƙe su fiye da haruffa. Amma kafin sunayen su bi gari, takarda ita ce shaida. Kada ka je da baki, ka je da takarda. Kuma kafin ka biya kuɗin mota zuwa Kara ko Lome ko Tamale, ka sa a buga waya a tabbatar irin hoton da aka rubuta ana yin sa a can kuma na'urar tana aiki a wannan makon.

To, mu bar ɗakin hoto mu shiga gida, don yanzu asibiti ya shigo ɗakunanmu. Na'urar awon suga, ta hawan jini, 'yar maƙalawa a yatsa, duk ana sayar da su a kasuwa, ko ɗa ya aiko daga Kumasi, ko 'ya daga Jamus, ko a sayo a Legas. Abu ne mai kyau. Amma lamba ba ta tafiya ita kaɗai, tana da ma'auni a bayanta. Idan na ce maka na sayi masara "uku", dole ka tambaye ni, kwano uku ko buhu uku?

Awon suga shi ya fi ba ni tsoro, don ma'auni uku ne ke yawo a yankinmu. Ɗakin gwaji na Togo yakan rubuta g/L. Yawancin ƙananan na'urorin da ake sayarwa a nan suna nuna mg/dL. A Gana kuwa mmol/L ake amfani da shi. Jini ɗaya ne, ɗigo ɗaya, amma takardar Sokode za ta ce 1,26, na'urar aljihu ta ce 126, ta Gana ta ce 7.0. Wannan lambar da na zaɓa ita ce iyakar da in mutum ya wayi gari bai ci komai ba aka same ta, aka maimaita aka sake samu, likita zai ce ciwon suga ne. Ƙasa kuma, in ya sauka ƙasa da 0,70, wato 70, wato 3.9 a lissafin Gana, suga ya faɗi, kuma faɗuwar tana iya kashewa cikin awoyi.

Wani Alhaji maƙwabcinmu a Sokode, mai ciwon suga, ya saba da lambobin asibiti, ɗaya da 'yan kai, 1,30 ko 1,40. Ɗansa ya kawo masa sabuwar na'ura daga Gana. Da asuba ya gwada, ta nuna 7.2. Alhaji ya ce inna lillahi, suga ya ninka biyar. Ya sha ƙwayarsa biyu maimakon ɗaya, ya ƙi karyawa. Kafin azahar aka same shi a shago yana zufa, hannu na rawa, yana magana ba kan gado. Allah ya sa yaron shagon ya ɗura masa ruwan sukari tun yana iya haɗiya, aka kai shi asibiti. Da na je gaishe shi na ce, "Alhaji, a nuna mini na'urar." Na ce, "Baba, bakwai ɗin nan ta Gana ce. A lissafinmu 1,30 ke nan, abin da ka saba gani." Ya daɗe yana kallona, ya ce, "Ɗana, yanzu har suga ma sai an yi masa canji kamar sidi da sefa?" Na ce haka ne, sai dai shi farashinsa ba ya tashi. Lambar Gana ka ninka ta sau 18, ka samu ta na'urar aljihu. Wannan kuma ka raba ta da 100, ka samu ta asibitin Togo.

Juyin wannan ya fi muni. Mutumin da ya saba da lissafin Gana ya zo Dapaong aka gwada shi, takarda ta ce 3,0. A saninsa uku faɗuwar suga ce, sai ya nemi lemo mai zaƙi ya sha. Alhali 3,0 g/L daidai take da 300, kusan 17 a lissafin da ya sani. Suga ya hau sosai, shi kuma yana ƙara masa. Don haka duk lokacin da za ka faɗa wa wani lambar suganka, a waya ko a gaban likita, ka haɗa da 'yan haruffan da ke gefenta. Suna nan ƙanana a kusurwar gilashin.

Wani lokaci na'urar ba ta ba da lamba, sai ta rubuta HI ko LO. Wata yarinya ta ce wa kakarta gaisuwa ce na'urar ke yi da Turanci. Ba gaisuwa ba ce. HI yana nufin sugan ya wuce abin da na'urar ke iya ƙirgawa, LO ya faɗi ƙasa da abin da take iya gani. Dukansu biyu na tafiya asibiti ne yanzu-yanzu. Sannan a wanke hannu da sabulu a shanya kafin a huda yatsa. Lokacin mangwaro ne muke samun masu suga na ƙarya, zaƙin da ya rage a yatsa na'ura ke karantawa. Tsinkayen gwajin kuma suna da ranar lalacewa, ba sa son zafi, kuma kun san zafin Dapaong a watan Maris da Afrilu. Kada a bar kwalbarsu a buɗe, kada a ajiye ta a akwatin babur.

Af, na manta waƙafi. Mai rubutun Faransanci yana sa waƙafi inda mai Ingilishi ke sa ɗigo. 1,26 da 1.26 abu ɗaya ne. In ungozoma ta rubuta nauyin jariri 3,200 kg, kilo uku ne da giram ɗari biyu, ba ɗan giwa aka haifa ba.

Hawan jini, wanda muke ce wa tansiyo, nasa ya fi sauƙi. Ma'aikacin Togo zai ce maka "sha biyu, takwas", ya rubuta 12/8. Na Gana zai ce 120/80. Sifiri ne kawai aka cire, ɗaya yana ƙirga da santimita, ɗaya da milimita. Na'urar lantarki takan nuna lamba uku. SYS ita ce ta sama, ƙarfin jini lokacin da zuciya ta matsa. DIA ta ƙasa, lokacin da ta saki. Ta ukun, PUL, bugun zuciya ne a minti, ba ta cikin tansiyo, amma sau nawa aka kira ni an haɗa ta ciki. Idan kullum kana samun 140/90 ko sama, wato 14/9, ka ga likita ko da ba ka jin komai, don hawan jini ba ya sallama. Idan ta kai 180/120 ga ciwon kai mai tsanani, ko gani ya dushe, ko ƙirji na ciwo, ko hannu ya yi nauyi, ba a jiran gobe.

Sai dai na'urar tana faɗin abin da ta tarar ne. Ka sauko daga babur, goro a baki, kana faɗa da yara, ka ɗaura ta a kan hannun babbar riga, me kake so ta ce? Ka zauna minti biyar, bayanka a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana. Goro da kofi da taba a bar su rabin awa kafin awo. Na san na taɓa wa Alhazai wuri mai ciwo, a yi haƙuri. Mai kaurin damtse kuma ya nemi babban maɗauri, ƙarami yana ƙara lamba.

'Yar maƙalawa a yatsa, wadda ta bazu lokacin korona, lamba biyu take nunawa. Wadda aka rubuta wa SpO2 ita ce yawan iskar da jini ya ɗauka, daga 95 zuwa 100 lafiya, ƙasa da 90 gaggawa. Ɗayar bugun zuciya ne. Wani ya ga 78 ya ce numfashinsa ya ƙare, ashe bugun zuciyarsa ne yake kallo, kuma daidai yake. Haske take aikawa ta cikin yatsa, saboda haka jan farce da baƙin lalle da sanyin hunturu a yatsu duk suna rikita ta. Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. A 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka sun nuna cewa a jikin baƙar fata na'urar ta fi yawan nuna lamba mai kyau alhali iskar ta yi ƙasa. To in yaro yana haki, haƙarƙarinsa na lotsawa, kada lamba 96 ta zaunar da ku a gida. Idonku ya fi ta.

Ma'aunin zafi ba sai na daɗe ba. Jiki lafiyayye wajen 37, zazzaɓi daga 38. In naka ya nuna 98 ko 100 da harafin F a gefe, lissafin Amurka ne, 100.4 ita ce 38 ɗinmu. Yawancinsu akwai maɓallin da ake dannawa a mayar da su C. Kuma jaririn da bai kai wata uku ba in ya kai 38, asibiti kai tsaye, ba a fara da jiƙo.

Ina ganin mai gabatarwa yana nuna mini agogo. Wani mai sauraro daga Mango ya aiko da tambaya, an yi masa radiyo an ba shi faifai maimakon babban baƙin hoton nan da aka saba, ko an cuce shi? Ba a cuce ka ba, malam. Sababbin na'urori a kwamfuta suke ajiye hoto. Ka adana faifan tare da rubutaccen sakamakon, a leda ɗaya da tsofaffin hotunanka, kada ka naɗe su kada ka bar su a rana. Likita yakan fi ƙaruwa da kwatanta na bara da na bana fiye da sabon shi kaɗai, kuma hoton da aka ɗauka a Togo likitan Gana zai karanta shi ba tafinta.

Shi kuwa Alhajin namu yana nan da ransa, na'urar Gana ce har yau a hannunsa. Jikarsa ta manna mata farar takarda a baya, ta rubuta masa da ajami: a ninka sau 18.

Masu jin Kotokoli da Moba da Gurmanci, ina roƙonku ku aiko wa gidan nan da sunayen da kuke kiran waɗannan hotuna a harsunanku, mu ji ko wani ya riga mu samun mafita. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ɗauki takardar gwajin jini, mu ga abin da ya sa kalmar "positif" wani lokaci ba albishir ba ce. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti.